Reshe na Shida

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka a Kajaani.
Na kunna fitilar shago, na kunna keken surfani,
ya buɗe shuɗin idonsa guda yana jirana.

Saura kwana goma sha ɗaya Kirsimeti.
A littafin oda akwai tawul ashirin da huɗu,
rigunan matashi tara, safar hannu ta jarirai,
da wata mata daga Oulu mai son barewa a jakar burodi,
ja wur, ba ruwan ƙasa ba,
wai launin da marigayi mijinta yake so ke nan.

Zanen saya na yi, ban ɓoye wa kowa ba.
Yuro huɗu, ya sauko cikin kwamfuta:
furen ƙanƙara mai reshe shida,
sukar allura dubu biyar da ɗari biyu.
Nawa aikin shi ne ɗame ƙyalle a zobe
har ya yi tauri kamar fatar ganga,
in zaɓi zare, fari ko ruwan azurfa,
in danna, in ja baya.

Innata Orvokki tana gefen hita da kofi.
Shekara tamanin da ɗaya.
Da, ita ke yi wa rabin unguwar nan aikin hannu,
yanzu cokali ma rawa yake a yatsunta.
Ba ta zagin keken. Kallonsa kawai take
kamar baƙon da ya iya magana amma bai iya gaisuwa ba.

Tawul na goma sha bakwai.
Ta ce, leƙa taga, Sointu.
Abin da ke zuba a waje tun safe,
kin taɓa ganin biyu iri ɗaya?
Na ce, Inna, masu saye iri ɗaya suke so.
Ta kurɓi kofinta.

Sai ƙas! Zare ya tsinke, allura ta karye,
keke ya yi ta kuka kamar an taka shi.
Allurar ƙarshe ke nan a akwati,
shagon Kemppainen kuma sai Litinin.
Fure ya tsaya da reshe biyar
da wani fili fari inda na shida bai zo ba.

Na jefa shi kwandon tsumma.
Ban ga lokacin da ta ɗauko ba.
Na dai ji ta ce, zura mini zare, idona ba ya gani.

Awa biyu ta yi a kan abin da keke ke yi a minti ɗaya.
Reshen ya fito a karkace,
ya fi 'yan'uwansa tsawo,
da ƙulli biyu a baya
da ɗigon kofi ƙarami a gefe.

Ranar Asabar wani mai yawon buɗe ido ya ɗaga shi,
ya juya, ya ce wannan da aibi,
a ba shi rabin kuɗi.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ya sayi biyu cikin masu kama da juna, ya tafi da murna.

Na naɗe shi a takarda mai ruwan goro
na ajiye wa Eljas, maƙwabcinmu,
wanda ke kwashe mana ƙanƙarar bakin ƙofa
tun biyar na asuba, shekara shida ke nan,
bai taɓa ƙwanƙwasawa a gode masa ba.

Litinin na sayo allura, fakiti uku.
Keke ya koma bakin aikinsa, ba kuskure.
Amma da na ɗame tawul na ashirin
na tsayar da shi a reshe na biyar.
Inna ba ta ce komai ba.
Ta goge hannu a siket,
ta matso da kujerarta kusa da fitila.