Farin Gurbi

Aikina haɗa littattafai.
Na ɗakin shan magani na Gwadabawa, wanda gara ta ɗanɗana bangonsa,
na babban asibiti nan cikin Sakkwato,
da na kantin magani, wanda ya fi su iya lissafi
don shi kuɗi yake ƙirgawa.
In na zuba su a na'ura
sai in shiga neman mutum guda a wuri uku.

Ga Arzika Nomau.
A ƙauye shekararsa saba'in,
a birni tamanin da biyu,
a kantin magani "tsoho" aka sa, aka wuce.
Wani ya rubuta Arziki, wani A. Noma.
Kwana biyu ina ɗinkin sa
kamar baduku da guntayen jar fata,
har ya miƙe mutum ɗaya:
manomin albasa, fitsari ya tsaya masa.
Zuwa huɗu. Allura biyu.
Sai jan biro: "Sun nemi sallama."
Daga nan takarda ta kama bakinta.

Layin da ke bisa nasa, tsohon akawu ne daga Mabera,
ciwo ɗaya, wata ɗaya.
Nasa layin ya yi tsawo har ya fita gefen allo:
maganin zafi safe da dare,
gado kusa da taga,
nas ta rubuta har ƙarfe nawa ya cika.
Ban yi masa ƙyashi ba, Allah ya ji ƙansa.
Na dai aza yatsa tsakanin layukan biyu na auna.
Faɗin gulbin Rima ne,
da kuɗin mota, zuwa da dawowa, na mutum uku,
da buhun albasar da ba ta yi kuɗi ba bana.

Tsofaffin mata sun fi saurin ɓacewa.
Hajo, sau ɗaya, "ciwon ciki."
Yalli, sau ɗaya, ba a ma sa garinsu ba.

Dokta ya ce kada in cike gurbi da zato,
abin da ba a rubuta ba a bar shi fari.
Gaskiyarsa.
Kuma kafin mu ƙirga muna goge sunaye don rufin asiri,
Arzika ya koma ɗari huɗu da tara.
Ni kaɗai na san albasarsa.

Ran Alhamis, bayan kowa ya tashi,
na buga sunan Inno, kakata.
Na sauya harafi, na ƙara shekara, na rage.
Na'ura ta ce babu.
Alhali na ga dare arba'in a Kware, cikin damina,
uwata na juya ta daga wannan haƙarƙari zuwa wancan,
tana jiƙa mata leɓe da auduga,
kunu cokali uku, biyu su dawo.
Da kawu ya samo mota, Inno ta ce,
"Ku bar ni ɗakina. Kuɗɗin nan a sai hatsi."
Har yau ban sani ba:
ɗakin take so,
ko rumbun ta leƙa kafin ta yi magana?
Ba ni da shafin da zai raba so da rashi.

Gobe rahoto zai tafi, da taswira.
Kore inda magani ya kai, ja inda ya makara.
Sai wurare masu yawa farare fat,
arewa da gulbi, da bayan inda kwalta ta ƙare.
Na rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe:
farin nan ba lafiya ba ne,
mutane ne suka yi nishinsu nesa da biro.

Aka ɗauke wuta kafin in adana.
Na zauna cikin zafi har inji ya tashi,
na sake rubutawa.