Dunduniyar Hagu

Ran Lahadi na kai wa Ilu baduku
sau-cikin da Baba ya bari,
can bayan 'yan awaki, a kasuwar Gujungu.

Bai dubi samansa ba. Kife shi ya yi,
kamar mai duba haƙoran rago.
"Fata ce har ƙasa," in ji shi,
"amma burji ba ya jin kunyar kirgi.
Raɓa ta jiƙa, tsakuwa ta ci,
kafin kaka ka hango rana ta tafinsa."

Ya ɗora yatsa kan dunduniyar hagu,
gefen da ya zaizaye
kamar bakin rijiya inda igiya ke bi.
"Mai takalmin nan yana karkata."
Na ce jaki ne ya harbe shi a gwiwa
tun yana saurayi.

Ya yanko tsohuwar taya, falle kamar kilishi,
ya kankare, ya shafa gam, ya bari ya sha iska.
Ƙusa biyar ƙanana.
Ina kallo sawun Baba ya shige ƙarƙashin roba.
Ban ce uffan ba. Na biya.

"In ya jiƙe, ban da bakin murhu.
Inuwa, sai ɗan man kaɗe."

Damina ta wuce, gero ya shiga rumbu.
Jiya da na tuɓe a ƙofar masallaci
na kife shi, haka kawai.
Robar ta fara cinyewa
a hagu, daga gefe, daidai wurin.

Ni kuwa jaki bai taɓa harbina ba.