Awo a Kasuwar Barci

Daga ƙasan akwati na zaro ta,
shekara sha ɗaya tana barci cikin ƙanshin kafur.
Atamfa ja, jan gauta,
da ganyaye ruwan ɗorawa sun bi gefenta.
Na hau keke daga Kakuri,
gwiwa tana ƙorafi a kowane rami,
na sauka a layin teloli.

Sabi'u ya warware turmin,
ya dube ni, ya dubi furfurar da ta leƙo ta ƙasan ɗankwali,
ya mai da ido kan almakashi.
"Iya Tabawa, da kin kawo mai duhu-duhu,
ruwan toka, ko ruwan ƙasa.
Wannan ai ta 'yan mata ce."

Na ce, yaro, kashe keken nan ka ji.
Shekara sha tara na yi a masaƙa, sashen rini,
tun ubanka bai iya zura zare a allura ba.
Jiniya ta tashe mu, jiniya ta sallame mu,
farcena bai rabu da shuɗi ba sai ran salla.
Har aka sa wa ƙofa kwaɗo,
ciyawa ta haɗiye injuna,
ban taɓa ganin launin da aka buga wa shekaru a baki ba.

Ba cewa na yi ka matse ni ba.
Na san abin da na ajiye.
Takalmi mai tsini na ba jikata,
ta je ta yi ta ƙwas-ƙwas a Barnawa.
Gwaggwaro mai hawa uku ya fi ƙarfin wuyana,
leshi mai duwatsu yana cizon fata,
zif na baya kuwa, wa zai ja mini?
Malam ya riga mu gidan gaskiya.

To, rubuta.
Buba, mai faɗin hannu,
yadda kafaɗar hagu za ta shiga ba sai ta roƙi arziki ba.
Wuya kada ya sauka, kada kuma ya shaƙe.
Zane ya kai idon sawu, ya bar ƙasa ta huta,
kada in share wa Tudun Wada titi kyauta.
Ka sa aljihu, mai zurfi,
na goro, da maganin hawan jini,
da alawar da nake sayen zumunci da ita wurin yara.
Ragowar ƙyallen ka dawo mini da shi, na ƙirga.

Amma jan nan, ka bar mini abina.
Shekaru sun ci gwiwa, sun ci haƙori biyu,
ba su ci ido ba.
Akwai farin yadi yana jirana,
ƙyalle biyar, ba awo, ba aljihu,
ba wanda zai tambaye ni ko ya yi mini.
Kafin ranar,
bari in shiga gidan suna a Unguwar Sanusi
Lantana ta ɗago kai daga kwanon waina
ta ce, "Wa nake gani haka kamar garwashi?"

Sabi'u ya saƙala tef a wuya, yana dariya ƙasa-ƙasa,
ya lashi fensir, ya ce, "Alhamis."
Na san Alhamis ɗin tela.
Sunan sai wata mai kamawa,
shi ya sa na zo yau.