Ƙaramar Kalma a Bayan Mota

Ni aya nake sayarwa, buhu-buhu,
daga Maraɗi zuwa inda sefa ba ta ci.
Lakwal na bar ta a aji shida.
Faransanci ya bi ni har kasuwa,
amma a Jibiya sai ya toge bakin shinge
kamar wanda duwan suka riƙe wa takarda.

Shi ya sa bayan lisha
nake zama zauren Mushe Hashimu, can Bagalam,
mu bakwai, benci biyu, fitila mai caji,
muna tauna Ingilishi kamar busasshiyar aya.

Ran Talata ya ɗauki alli ya ce:
ƙananan kalmomin nan, daga, zuwa, da, don,
gaba suke shiga, kamar akuyar da ta san gida.
Kada kowa ya bar su a wutsiyar zance.
Haka littafinsa ya ce, mai bangon da gara ta ci.

Na yarda. Faransanci ma haka ya rene ni.
Na rubuta wa Cibuzo na Anaca a waya,
kowace kalma a mazauninta:
Zuwa ga wane ne zan aika da kayan?
Ya kira ni yana dariya har da tari,
wai Alhaji, yaushe ka zama alƙali?

Shi ga yadda yake jera tasa:
Ina ka fito daga?
Wa kake magana da?
Me kake jira don?
Da Hausa ce, sai a ce an tashi ana tsakiyar tuwo,
zance ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.
Amma kuɗina na zuwa daidai, ko dala ba ta ɓata.

Na kai ƙara wurin Mushe.
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe.
Ya ce, duka biyun daidai ne, Lawali.
Ɗaya rigar zuwa ofis ce, ɗaya ta zaman gida;
wanda ya koya mini ne ba ya son ta gida.

Jiya da asuba muna lodi a tasha,
yaron mota ya ɗare can ƙarshen buhuna,
ƙafa na lilo, igiya a hannu.
Direba a gaba, kaya a tsakiya,
shi a baya, ɗan tsito, ba mai kula shi,
kuma shi ya san buhun wa za a sauke a ina.

Na ɗaga murya na ce, kai, wa kake aiki da?
Ya miƙo kunne yana jiran sauran
har mota ta sha kwana.