Jigon Barmo

Ran Talata, rana ta fara dukan kwanon aji,
Malam Sadisu ya shigo da rula mai tsawon mita,
ya kwantar da ita bisa kaifin wani ɗan katako,
ya ce ko tari kar a yi.
Ta yi rangaji, ta sake rangaji, ta tsaya.

Ya jera murfin kwalba uku kusa da tsakiya,
ya kai ɗaya tak can bakin ɗaya hannun.
Uku da ɗaya, ba wanda ya rinjayi wani.
Lantana ta ce wannan kam siddabaru ne.
Malam ya juya ga allo, alli na kuka:
nauyi sau nisa daga madogara,
na dama ya zo daidai da na hagu,
in ba haka ba, sanda juyawa za ta yi.

Na kwafa, na yi shiru.
Ni na san wannan sanda tun ban yi wayo ba,
sai dai tamu ba lambobi a jikinta,
kuma guga take ɗauka, ba murfin kwalba ba.

Can bayan ganuwa, ta Ƙofar Marusa,
inda latas da albasa ke kwance komi-komi,
kakana Barmo na da jigo.
Gwafa biyu a kafe, itace a gicciye,
doguwar sanda ta hau kai an ɗaure.
Gaba igiya da guga,
baya dunƙulen laka kamar kan maraƙi.
Ya ja ƙasa, guga ya nutse.
Ya saki, laka ta ɗago masa ruwa
kamar mai biyan bashin da ba ta ci ba.

Ina shekara tara na ce sai na gwada.
Na rataya da igiya, ƙafafuna na lilo,
laka ko gezau.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya kwance ɗauri, ya tura sandar gaba taƙi guda.
Na ja, sai ga ta tana bi na.
"Kin gani, ɗiyata? Ba ƙarfi ba ne, wurin kamu ne.
Amma fa rabin guga za ta ɗago miki,
jigo ba ya kyauta."

Tun daga darasin nan na rasa sukuni.
A Ƙofar Ƙaura na ga yaron gareji,
noti ya gagari maigidansa,
shi ya zura bututu a gindin sifana,
ya taka can ƙarshe, ƙarfe ya yi ƙara ya saki.
A gida na tura ƙyaure daga jikin bango,
ya ƙi ni kamar an danne,
na taɓa bakinsa da ɗan yatsa ya buɗe.
Inna ta ce wai lafiyata.

Barmo ya rasu da kaka, ana cire gyaɗa.
Yanzu inji ke tari a bakin rijiyar,
kawu Sule na sayen fetur a galan.
Sandar jigon tana yashe gindin zogale,
gara ta fara yi mata ɗaki.

Ranar Asabar na ari rular Malam.
Na kakkaɓe sandar, na juya ta,
sai ga sawun ɗauri inda igiya ta ci itace,
ba ɗaya ba, bakwai,
kowane ya ɗan matsa wajen laka.
Na auna tsakaninsu: yatsa uku, yatsa huɗu,
na ƙarshen nan kusan taƙi.

Ashe duk shekarar da kafaɗa ta gaza,
matsar da madogara yake, bai gaya wa kowa ba.
Ruwan guga na raguwa, sahu na ƙaruwa,
albasa kuwa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba.

Ashe tamu ma da lambobi a jikinta.
Na zauna a ƙasa da rula a cinya,
na kasa lissafin.