Murfin Lagireto

Ni bakanike ne a Suwame,
shekara ashirin da uku hannuna cikin baƙin mai.
In mota ta shigo tana huci
ba na dukan ƙarfenta.
Jira nake ta huce, in naɗe tsumma a hannu,
in sassauta murfi sannu-sannu,
in nemi inda ruwa ke zurarewa.
Wannan ko yaron shago ya sani.

Amma ranar da Mudasiru, ɗan shekara tara,
ya ɗaga benci ya jefi allon aji,
ya ciji ɗan maƙwabta har haƙori ya zauna,
tsohon fambel na ɗauko.
Na doke shi har kafaɗata ta gaji.
Bai yi kuka ba.
Bango ya zuba wa ido, leɓɓansa na ƙirga bulo.

A Abo'abo kowa likita ne.
Mai koko ta bakin kwata ta ce iska ce.
Kawu Zubairu ya ce sangarta ce, a ƙara masa.
Wata ta ce jinin kakansa ne,
shi ma haka ya ƙarar da tukwanen gida.
Muka yi hayaƙi har labule ya sauya launi.
Yara suka raɗa masa suna: Gobara.
Iyaye na janye 'ya'yansu in ya fito.

Shafa'atu ce ta lura, ba ni ba.
Ta ce, ka duba,
ba ya yi sai sama ta yi baƙi.
Ta ce, yaushe rabon da ka ga ya yi barci
ruwa na dukan kwano?

Muka hau toro-toro zuwa babban asibiti.
A ƙofar sashen da ake raɗa sunansa
na jawo hula ta rufe min goshi,
kada wani ɗan Zango ya gan ni.

Likitar ba ta tambayi me ya fasa ba.
Cewa ta yi, me ke faruwa kafin ya fasa?
Ta miƙa masa takarda da fensir.
Ya zana kabad.
Ya zana ɗan mutum a kansa, ba baki.
Sauran takardar ya cike ta da layi, layi, layi,
har fensir ya karye.

Sai na tuna.
Daren da kwata ta cika ta shigo mana ɗaki,
shekara uku ke nan,
na ɗora shi kan kabad cikin duhu,
na ce kada ka motsa,
na tafi ceton talabijin da buhun shinkafa.
Na sha ba da labarin nan a majalisa ana dariya.
Ashe shi bai sauko ba.

Ta ce tsoro ne, ya daɗe a rufe,
in ya taso bai san wata ƙofa ba sai hannu.
Ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da suna,
wasu yaran nasu daban ne, sai an duba.
Ta ce ku riƙa zuwa duk Talata ta biyu.
Ni da nake jin lalurar inji daga ƙararsa
na zauna kamar sabon yaron shago.

Bai warke ba tukuna.
Addu'a muna yi, Talata muna zuwa,
kuɗin mota wani lokaci bashi ne.
Jiya hadari ya haɗo ta gabas,
ya yi jifa da kofin shayi, ya fashe.
Na ji hannuna na neman abin da ya saba.
Na zauna a kansa.
A ƙasa, kan siminti, kusa da shi, ban ce komai ba.

Can ya ce, Baba, zai shigo?
Na ce, in ya shigo tare za mu hau.

Fambel na shago, rataye a ƙusa.
Shafa'atu ta share fasassun kofin.