Makullin Sito

Ni ke riƙe da makullin sito a Madarunfa,
shekara bakwai ina ƙirga kwalaye.
Jikin kowane kwali akwai tuta
da hannuwa biyu suna musabaha,
ban taɓa ganin fuskar masu hannuwan ba.

Bara aka yi zaɓe a can,
ƙasar da ko sunan garuruwanta ba na iya faɗi.
Wanda ya hau ya ce aljihun gida ya huje,
ya ɗauki jan biro ya soke layi guda.
Ashe layin nan mu ne.

Farar motar furoje na ajiye a Maraɗi,
tayoyi sun sace, kaji na kwana ƙarƙashinta.

Ran Laraba Barira ta taso daga Gabi da goyo.
Na ɗaura wa yaron awon damtse,
ya tsaya kan ja.
Ta dubi kanta wayam, ta dube ni.
In ce mata me?
Majalisarsu ba ta zauna ba?
Ko kuɗin ruwan bashi ya lashe kason asibiti
tun bai baro Yamai ba?

Zanen aro ba ya rufe katara,
mun sani, muka yafa,
don sanyi ba ya jiran masaƙa.

Abin da ke ci mini rai, gyaɗar cikin ledar nan
irinta ce ubana ya noma har ya rasu.

Yanzu Barira na daka ƙuli da gero da zogale,
yaron na lasa, yana kawar da kai.
Ni kuwa kullum magariba sai na kulle sito,
in ja kwaɗon sau biyu,
ban san abin da nake tsaro ba.